Mene ne burbushin halitta? Yadda ake gane tsohon haƙorin kifin shak

Burbushin halitta shi ne duk wata saura ko alama ta wani abu mai rai da ya yi zamani tun da daɗewa, ƙasa ta binne ta, ta adana ta har ta iso gare mu. Yana iya zama ƙashi, ko haƙori, ko ƙwanson dodon koɗi, ko ganyen da ya bar zanensa a jikin dutse, ko ma sawun ƙafa a taɓon da ya ƙame ya koma dutse. Masana sun saba aza iyaka a shekara 10,000, abin da bai kai haka ba ba su cika sa shi a wannan sahu ba. Ke nan ƙashin jakin da ruwan bana ya tono a gefen Kubanni ƙashi ne kawai, bai zama burbushi ba tukuna.

Kalmar ta yawaita a kunnenmu. Muna jin ta in ana labarin sauyin yanayi, domin kwal da fetur da iskar gas daga ragowar halittun da suka shuɗe suka samo asali. Muna jin ta in an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba a hamadar Nijar. Amma a ganina babu abin da ke fito da ma'anarta fili kamar haƙorin kifin shak, irin wanda mutum kan tsinta a bakin teku, baƙi wuluk, mai kusurwa uku, ya tsaya yana juya shi a tafin hannu yana tambayar kansa ko na mene ne.

Dalilin da ya sa haƙorin wannan kifi ya yawaita ƙwarai a cikin ƙasa yana jikin kifin ne. Shak ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa ko ƙarfasa, gangar jikinsa guringuntsi ne, shi kuwa guringuntsi ba ya jure ruɓa. In kifin ya mutu, kusan komai nasa kan narke, sai haƙora. Su ma haƙoran ba a kafe suke cikin muƙamuƙi irin namu ba. A jikin dasashi suke, jere bayan jere, na gaba yana faɗuwa na baya yana matsowa ya maye gurbinsa, haka har ƙarshen rayuwarsa. Kifi guda kan zubar da haƙora dubbai. Dangin shak kuma sun haura shekara miliyan 400 a teku. Ka haɗa wannan da wancan, ka ga yawan abin da ya zube a ƙasan ruwa.

Ba kowane haƙorin da ya faɗi ke tsira ba. Sai wanda laka ko rairayi ya rufe da wuri, kafin ruwa ya gurje shi. A can ƙarƙashi, ruwan da ke ratsa lakar yana ɗauke da ma'adinai, su kuma suna shiga ƙananan ƙofofin haƙorin sannu a hankali, musamman saiwarsa, har su cika su. Ɓawon saman mai sheƙi ba ya canzawa sosai, don tun asali sinadarinsa mai tauri ne ƙwarai. Shi ya sa za ka riƙe haƙorin da ya shekara miliyoyi, bakinsa yana nan da kaifin da zai yanke ka.

Launin ma daga nan yake zuwa. Haƙorin shak mai rai fari ne. Na cikin ƙasa kuwa yana ɗaukar launin wurin da ya kwanta, kamar yadda farin ƙyalle ke fitowa da launin abin da aka tsoma shi a marina. Laka mai yawan fosfat, wato ma'adinin da ake takin zamani da shi, takan ba da baƙi ko toka-toka, mai ƙarfe-ƙarfe takan ba da ja ko ruwan ƙasa. A nan mutane da yawa ke kuskure, suna ɗauka gwargwadon baƙin haƙori gwargwadon tsufansa. Ba haka ba ne. Akwai haƙora masu haske da suka girmi baƙaƙe da shekara miliyoyi. Launi yana faɗa maka irin ƙasar da ta riƙe haƙorin, ba ya faɗa maka shekarunsa. Abin da ya fi taimakawa wajen bambanta tsoho da sabo shi ne nauyi da saiwa: tsohon ya fi nauyi a hannu, saiwarsa ta yi tauri irin na dutse, kuma launin ya ratsa ta ciki da waje.

To, an yarda burbushi ne. Na wane shak ne? A nan aikin yake, kuma aikin ido ne da haƙuri.

Fara da gefen haƙorin. Ka shafa shi a hankali da farce. Santsi ne, ko yana da bakin zarto? Shak mai yankar tsokar manyan dabbobi haƙorinsa faffaɗa ne mai bakin zarto. Mai cafkar ƙananan kifaye masu santsi haƙorinsa dogo ne siriri mai tsini, aikinsa sokewa da riƙewa. Sannan ka duba gindin, inda ɓawo ya haɗu da saiwa: wasu iri suna da 'yan ƙananan tsinaye a dama da hagu na babban tsinin, wasu ba su da su, kuma wannan kaɗai kan raba dangi da dangi. Sai saiwar kanta: mai reshe biyu ce da suka buɗe sosai ko shimfiɗaɗɗiya, kuma akwai tsaga a tsakiyarta ko babu. Wanda ya tsinci haƙori ba saiwa ya rasa babban rabo na shaidarsa. In kuwa abin da ka tsinta shimfiɗaɗɗe ne ba tsini ko kaɗan, da layi-layi a ƙasansa, mai yiwuwa na wani ɗan'uwan shak ne, irin faffaɗan kifin nan da ke kwanciya a ƙasan teku yana niƙa masu ƙwanso.

Akwai wani tarko da ya kama har manyan masana na farko. Haƙoran baki ɗaya ba kamarsu ɗaya ba. A yawancin shak, na sama sun fi faɗi, na ƙasa sun fi siranta. Na gaba a miƙe suke, na gefe sun karkata zuwa kusurwar baki, na can ƙurya kuma gajeru ne. Na ƙaramin kifi kan bambanta da na babba. Saboda haka aka sha ba haƙoran kifi iri ɗaya sunaye daban-daban, daga baya aka gane aka haɗe su. Duk wanda ya kalli haƙori guda ya yanke maka suna nan take ba tare da ya tambayi komai ba, ka yi hattara da maganarsa, kada ka ɗauke ta hukunci.

Sunan da kowa ke so ya ji shi ne megalodon. Wannan ƙaton shak ya rayu daga kusan shekara miliyan 23 zuwa miliyan 3.6 da suka wuce, kuma manyan haƙoransa kan kai santimita 18, alhali na babban farin shak na yau da wuya ya wuce santimita 7. Alamarsa ba girma kaɗai ba ce, tunda shi ma yana da ƙananan haƙora. Haƙorinsa mai kauri ne, bakin zartonsa ƙanana ne a jere daidai, kuma tsakanin ɓawo da saiwa akwai wata ɗamara mai duhu da ta yi kusurwa. Ana yawan samunsa a gaɓar gabashin Amurka, a jihohi irin su Fulorida da Karolina. Amma da yawa daga cikin manyan haƙoran da ake sayarwa a shagunan tsaraba na duniya daga ramukan haƙar fosfat na Kuribga a Maroko suke fitowa, kuma na wani kakan megalodon ne da ake kira Otodus obliquus, wanda ya riga shi da shekara miliyoyi. Shi gefensa santsi ne, kuma yana da ƙaramin tsini a kowane ɓangare. Wasu ma an karye su an liƙa, ko an gina musu saiwa da garin dutse da gam. In ka duba mahaɗar da kyau cikin hasken rana, ɗinkin kan nuna.

Sai batun shekaru, wanda shi ne ya fi damuna a ce an fahimta. Ba a cika auna shekarun haƙorin daga jikinsa ba. Awon kabon da ake yawan ambata ba ya wuce shekara 50,000, ba shi da abin cewa a kan miliyoyi. Shimfiɗar dutsen da haƙorin ya fito daga cikinta ita ake aunawa, ta hanyar tokar aman wuta da ke sama ko ƙasa da ita, ko ta ƙananan halittun da aka riga aka san zamaninsu. Wannan ne raunin haƙorin bakin teku. Igiyar ruwa ce ta zaizayo shi daga wata tsohuwar shimfiɗa, a gaɓa ko a ƙarƙashin ruwa, ta mirgina shi, ta watso shi cikin tsakuwa tare da wasu da ba lallai zamaninsu ɗaya ba. Ya rabu da makwancinsa. Abin da ya rage shi ne sunan gaɓar, don masana sun san irin duwatsun da ke kusa da kowace. In aka rasa wannan ma, haƙorin ya zama abin ado kawai.

Wannan fahimta ba a sama aka tsince ta ba. Turawa sun daɗe suna tono irin waɗannan haƙora a tsibirin Malta suna kiran su duwatsun harshe, suna cewa harsunan macizai ne da suka koma dutse, har ana rataya su don maganin guba. A shekarar 1666 masunta suka kama wani ƙaton farin shak kusa da Livorno a Italiya, aka kai kansa ga wani likita ɗan Denmak, Nicolas Steno, ya feɗe shi. Ya aza haƙoran kusa da duwatsun harshe, ya ga abu ɗaya ne. Tambayar da ta biyo baya ita ce ta fi amfani: yaya haƙorin kifi ya shiga cikin dutse a kan tudu? Daga nan ya kai ga ƙa'idar da ya wallafa a 1669, cewa laka hawa-hawa take kwanciya, ta ƙasa ta girmi ta sama. Tun ƙarnuka kafin shi, Al-Biruni ya dubi ƙwanson halittun ruwa a cikin ƙasar Larabawa ya ce wurin ya taɓa zama teku.

Mu dawo gida. A Zariya ba za ka tono haƙorin shak ba, ko ka haƙa rijiya gaba nawa. Dutsen Kufena da 'yan'uwansa narkakken dutse ne da ya huce a can cikin ƙasa kusan shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma abin da ya fito daga wuta ba ya adana ƙashi ko haƙori. Ƙasar Zazzau a kan irin wannan tsohon harsashi take zaune. Saboda haka duk haƙorin shak da ka gani a hannun wani a Samaru ko Sabon Gari baƙo ne, tambaya ta farko kuwa ita ce daga ina.

Sai dai amsar ba lallai ta zama Amurka ko Maroko ba, kuma wannan ne abin da nake so 'ya'yanmu su sani. Tsakanin kusan shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi ya sha ratsa inda Sahara take a yau, ya malalo ta Mali da Nijar har ƙasar Sakkwato. Lakar da ya bari tana nan, kuma masana duwatsu sun raɗa wa shimfiɗunta sunayen garuruwanmu: Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Farin dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina a ƙasan wannan teku ya taru. Fosfat ɗin yankin Dange ma haka. A cikin waɗannan duwatsu an samu haƙoran shak da na danginsa, har wani masani na gidan tarihin halittu na Landan, Errol White, ya wallafa bincike a kan burbushin kifayen lardin Sakkwato a 1934. An samu wani ƙaton mai jan ciki na teku da aka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo, da wani kada mai suna Sokotosuchus. Sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan kimiyya na duniya, mu da muke kusa ba mu cika jin labarin ba, abin yana ci mini rai. A Suratul Ankabut an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta, ga shi kuwa abin dubawar tafiyar yini ɗaya ce a mota.

Sanin wannan tarihi yana warware gardama ma. In wani ya nuna maka haƙori ya ce na megalodon ne daga Sakkwato, lissafi ya isa: tekun ya janye daga can tun kafin megalodon ya bayyana da shekara miliyoyi masu yawa. Ko dai haƙorin na wani shak ne, ko ba daga can ya fito ba.

In Allah ya sa irin wannan haƙori ya faɗo hannunka, a bakin teku ne ko a gefen wani kwari a Sakkwato, kada ka kankare shi da ƙarfe, kada ka goge shi da mai don ya yi sheƙi, kada ka huda shi. Ruwa da tsohon buroshin baki sun isa. Ka rubuta a takarda inda ka same shi da ranar, da ko a cikin dutse yake ko a sake a ƙasa, ka ajiye su tare a ƙunshi ɗaya. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe, da rula a kusa don a ga girmansa. Sannan ka nufi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ka ce, Malam, ga abin da na samu, ga kuma inda na same shi.