Hasken ruwa ba shi ne lafiyar kifi ba

Da yawa daga masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sun daɗe da ɗauka cewa muddin ruwa ya yi garau, to kifi lafiya lau yake, kuma da zarar ruwan ya ɗan yi duhu sai a zubar da shi duka a wanke komai tas. Wannan tsabtar ta fi dattin da ake gudu kashe kifi.

Gubar da ke cikin ruwan ba a ganinta da ido. Kifi da ragowar abincinsa suna fitar da sinadarin amoniya, sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune cikin soson matatar ruwa da kan tsakuwa su mayar da shi naitirait, daga nan naitiret, wanda illarsa ba ta kai tasu ba. Kafuwar waɗannan ƙwayoyi kan ɗauki mako 4 zuwa 6, shi ya sa wanda ya cika sabon akwati da kifi a rana ɗaya zai wayi gari ya tarar da su a saman ruwa suna haki, alhali ruwan kamar madubi.

Wanke soso a bakin famfo, a ganina, shi ne kuskure mafi muni, domin sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo yana hallaka ƙwayoyin. Abin da ya dace shi ne a riƙa canza kusan rubu'in ruwan duk mako da ruwan da aka cire wa kulorin, a kuma matse soson a hankali cikin bokitin tsohon ruwan da aka ɗebo.