Waiwaye: Dokokin neman gurbi da wuri a jami'o'in Amurka

A Amurka ɗalibi yana iya miƙa takardun neman gurbin jami'a zuwa 1 ga Nuwamba, ya ji sakamako a tsakiyar Disamba, alhali takwarorinsa sai wajen ƙarshen Maris. Sai dai hanyar ta rabu biyu. Ɗaya mai ɗaure ƙafa ce: ɗalibi da mahaifi da malamin da ke ba shi shawara duk sai sun sa hannu cewa in aka ɗauke shi zai je, kuma zai janye takardunsa daga sauran wurare. Jami'a ɗaya tak ake yi wa wannan alkawari. Ɗayar kuwa ba alkawari, ɗalibi yana da sarari har 1 ga Mayu.

Tun asali ba don jin daɗin ɗalibi aka ɓullo da ɗaurin ba. A ƙarshen shekarun 1950 ƙananan kwalejojin arewa maso gabashin ƙasar sun gaji da ɗaukar haziƙan yara, daga baya Harvard ko Yale su kwashe su, sai suka ce wanda yake so da gaske ya yi alkawari tun da wuri. Zuwa shekarun 1990 hatta Yale da Princeton sun rungumi tsarin.

Suka ta biyo baya. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa neman da wuri daidai yake da ƙarin maki kusan 100 a jarrabawar SAT, wadda ake yi don shiga jami'a a Amurka. Wa ke cin wannan riba? Ɗan masu hali, wanda bai damu da kwatanta tallafin da jami'o'i za su ba shi ba. Ɗan talaka, ko ɗalibin da ke nema daga Kano ko Yamai da fatan samun tallafi, in ya ɗaure kansa ya rasa damar yin ciniki, duk da ana sakin wanda tallafin bai ishe shi ba.

A 2002 Yale da Stanford suka sanar da wata hanya ta tsakiya: ba alkawari, amma ba ka neman wata jami'a mai zaman kanta da wuri. Na gwamnati da na ƙasashen waje galibi an yarda.

Harvard ta yi abin da ya fi haka a 2006, lokacin da Derek Bok ke riƙon ƙwaryar shugabancinta: ta soke neman da wuri baki ɗaya. Princeton da jami'ar Virginia suka bi ta, sauran suka yi kunnen uwar shegu suna kwasar ɗalibai tun Disamba. A 2011 Harvard da Princeton suka janye daga matakin sokewar, suka ɗauki hanyar tsakiyar.

A 2018 ma'aikatar shari'ar Amurka ta binciki wasu kwalejoji kan musayar sunayen ɗaliban da suka yi alkawari, abin da kwalejojin ke yi wai don kama masu saɓawa. Bai hana komai ba: shekara guda bayan haka Virginia ta dawo da tsarin ɗaurin da ta taɓa sokewa.