Waiwaye: Daga Giredi Tu Zuwa Sabuwar Manhaja

Tun da aka sanar da sabuwar manhajar makarantu a 2025, wadda ta rage yawan darussa ta kuma shigo da sana'o'i irin su haɗa sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya, muhawara ba ta lafa ba a Gusau da Ƙauran Namoda. Wasu na murna, wasu na cewa an sake aza wa yara abin da ba a shirya masa ba. Amma sana'a a aji ba baƙuwa ba ce, kuma abin da ke tare mata hanya ya daɗe.

Makarantun allo da na zaure suna da tsarinsu tun kafin zuwan Turawa. Makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen aikin hannu. Taron manhaja na 1969 a Legas shi ya share fage ga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, daga nan tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) ya fara aiki a 1982, da burin yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Wannan kowa ya san shi.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne ɓacewar kwalejojin horon malamai masu ba da takardar daraja ta biyu, wadda aka fi sani da Giredi Tu. Zamfarawa sun san su sarai, don a ta Maru ne Malam Aminu Kano ya koyar a ƙarshen shekarun 1940. Yaro kan shiga daga firamare ya shekara biyar ana horar da shi don abu ɗaya tak, riƙe ajin ƙananan yara. Yana koyon lissafi da Hausa da Turanci, yana noma gonar makaranta, yana aikin hannu, yana ƙera kayan koyarwa da kwali da kara da laka. Kafin a sallame shi sai ya tsaya gaban allo ana duba yadda yake koyarwa. Galibi kuma ɗan yankin ne, ya san lokacin shuka da na girbi, ya san iyayen yaran. Manhajar da aka rubuta a nesa, a hannunsa take zama ta gida.

Da aka mayar da NCE, takardar da kwalejojin ilimi ke bayarwa bayan sakandare, mafi ƙarancin shaidar koyarwa, sai kwalejojin suka yi ta raguwa cikin shekarun 1990, da yawansu suka koma sakandare. Niyyar mai kyau ce, kuma mai NCE ya fi zurfi a fanninsa. Sai dai yawanci darussa biyu yake haɗawa ya ƙware a kai, alhali ajin firamare na ƙauye malami ɗaya yake samu, wanda zai koyar da komai. A ganina, a nan ne abin da ke takarda ya fara rabuwa da abin da ke faruwa a aji. Gonar makaranta ta koma fili, aikin hannu ya koma rubutu a allo, yaro ya haddace sunayen kayan kafinta bai taɓa riƙe zarto ba.

An sake gyara manhaja a 2007 da 2012, kowane karo idon jama'a na kan jerin darussa. Zamfara tana da kwalejin ilimi a Maru, da ta fasaha a Gusau wadda ta mata ce zalla. Daga cikinsu malaman ɗinki da kiwo da sola za su fito, kuma horon NCE shekara 3 yake ɗauka, ga shi yaran sun riga sun zauna a aji.