Kafin ka tambayi kuɗin bindigar farauta a Amurka, ka fara tambayar me dokar jihar ta ce

Wani ɗan'uwanmu da muke zaune tare a nan Kolorado ya kira ni kwanaki yana ta murna wai ya samu bindiga mai araha, ta hannu ce amma kamar sabuwa, har da madubin hangen nesa a kanta, kuma da ita yake so ya bi abokan aikinsa farautar elk, wato wannan ƙatuwar barewar mai ƙaho reshe-reshe da ke cikin duwatsu. Na ce masa karanto min abin da aka rubuta a jikin bututun. Ya ce .223 Remington, wato irin harsashin da take ci. Wallahi sai da na ji ba daɗi, don kuɗin da ya tara wata da watanni ne, kuma wannan bindigar doka ba ta yarda ya harbi ko ƙaramar barewa da ita ba a wannan jihar, balle elk.

Shi ya sa na ce bari in zauna in yi bayanin nan, saboda mutane da yawa farashi suke fara dubawa, alhali a Amurka dokar farauta ba ɗaya ba ce, kowace jiha da tata, bindigar da ta halatta a nan kana tsallaka iyaka sai ta zama laifi.

A Kolorado hukumar da ke kula da namun daji, Colorado Parks and Wildlife, ta ce bindigar manyan namun daji dole faɗin harsashinta ya kai .24 na inci, wato milimita 6, ko ya fi. To .223 ɗin nan faɗinta .224 ne, ɗan abin da ya rage mata bai kai rabin milimita ba amma doka ba ruwanta da saura kaɗan. Mafi ƙanƙanta da aka saba gani ta tsallake wannan layin ita ce .243 Winchester. Kuma ba faɗi kaɗai ba ne, akwai nauyi: harsashin barewa da beyar dole ya kai giren 70, kusan giram 4.5 kenan, na elk da mus (wata dangin barewa da ta fi elk girma) kuma giren 85, kusan giram 5.5. Sannan dole ya zama irin harsashin da ke buɗewa in ya shiga jiki, ba irin na soja mai rufin ƙarfe da ke ratsawa ya fita ya bar dabba da ƙaramin rami tana ta wahala ba. Sai kuma ƙarfin bugu, wanda suka ce a nisan yadi 100 ya kai 1,000 a ma'auninsu na ƙafa da laba, wajen jul 1,350 kenan, kuma abin da kamfanin harsashin ya rubuta shi ake bi. Bututu kada ya gaza inci 16, tsawon bindigar gaba ɗaya kada ya gaza inci 26, in kuma mai ɗura kanta ce bayan kowane harbi to harsashi 6 ne iyaka, na cikin gidan harsashi haɗe da wanda ke ɗane.

Wannan maganar inci 16 ɗin ma ba ta jiha kaɗai ba ce, ta samo asali ne daga dokar tarayya da aka fara kafawa a 1934, wadda a yau ta sa duk raifil mai bututu ƙasa da haka cikin rukunin da sai an yi masa rajista ta musamman. Don haka kada wani ya ce maka ka sayi mai araha ka yanke bakinta don ta yi sauƙin ɗauka a dutse, wannan laifin tarayya ne.

Idaho kuma da nata salon, kuma shi ne ya fi shafar masu son harbin nesa. Can doka ta hana farautar manyan namun daji da bindigar da nauyinta ya haura laba 16, kusan kilo 7 da ɗan ɗoriya, kuma ana awon ne da madubinta da igiyar ratayawa da duk wani abin da aka maƙala mata. Masu harbin nesa kuwa nauyi suke so, bututu mai kauri, madubi ƙato, ƙafafun kafawa a ƙasa, don bindiga mai nauyi ba ta rawa, to kafin mutum ya ankara ya wuce layi. Jihohin tsakiya irin su Ohio matsalarsu daban, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya da gonaki da gidaje kusa-kusa, don haka raifil ɗin da suka yarda a harbi barewa da shi sai mai miƙaƙƙen kwanso, wanda harsashinsa ba ya cin dogon zango, sun fara yarda da shi a 2014. Saboda irin waɗannan jihohin ne ma kamfanin Winchester ya fito da harsashin 350 Legend a 2019. Ka ga wanda ya sayi .300 Winchester Magnum don ya yi harbin nesa a Ohio ya yi asarar kuɗinsa.

Kalifoniya kuma tun 1 ga Yuli 2019 ta hana farauta da harsashin dalma kwata-kwata, babban dalilin shi ne wata ƙatuwar ungulu da ake kira kondo wadda ta kusa ƙarewa a duniya, tana cin kayan cikin da mafarauta suka bari sai gubar dalma ta kashe ta. Harsashin tagulla ya fi tsada, don haka in can za ka, ka sa wannan a lissafi.

Sai maganar saye kanta. A dokar tarayya ta 1968 ɗan shekara 18 zai iya sayen doguwar bindiga a wurin dila mai lasisi, amma wasu jihohin sun ɗaga zuwa 21, Kolorado na ciki, kuma a nan sai ka jira kwana 3 kafin a miƙa maka. Za ka cike fom mai lamba 4473, a bincika tarihinka, kuma ƙarya a kan wannan fom ɗin babban laifi ne. In ka ga mai araha a intanet ba gidanka za a kawo ta ba, wurin dila za a aika, shi kuma ya caje ka kuɗin hidimarsa. Ko ta hannu ce za ka saya a wurin maƙwabcinka, a Kolorado tun 2013 sai an bi ta wurin dila an yi binciken nan. Ga kuma haraji: akwai kashi 11 cikin ɗari da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware don kula da namun daji, ya riga ya shiga cikin farashin da kake gani, sannan Kolorado ta ƙara nata kashi 6.5 daga Afrilun 2025.

Namu da ke nan da biza, ta karatu ko ta aiki ko ta ziyara, ku saurara da kyau, don nan ne abin ke damuna. Asalin dokar tarayya ta hana mai irin wannan bizar riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya shiga cikin waɗanda aka togace, kuma hanyar da aka fi sani ita ce ya kasance yana da lasisin farauta mai aiki daga ɗaya daga cikin jihohin Amurka. Ma'ana lasisi ne farko, bindiga daga baya, kuma ranar da lasisin ya ƙare ba ka sabunta ba kariyar ta tafi ko da bindigar tana kulle a akwati. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, wannan bai shafe shi ba, wanda kuma ba shi da takardun zama ko kusa kada ya je. Lasisin ma a Kolorado ba a ba duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 sai ya yi kwas ɗin ilimin farauta, kuma a daji dole ya sa riga ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli da ta kai murabba'in inci 500 a saman ƙugu, har da hula.

To wace za a saya? Ni dai ra'ayina, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi mai sakata, wato wadda ake ɗurawa da hannu bayan kowane harbi, irin su Ruger American ko Savage Axis ko Howa 1500, in aljihu ya ɗan fi nauyi Tikka T3x, ya zaɓi mai cin harsashin .308 Winchester ko .30-06 ko .270 Winchester ko 6.5 Creedmoor. Duk sun wuce layin .24 da tazara, nauyinsu bai yi kusa da laba 16 ba, harsashinsu kuma akwai shi ko a shagon ƙauye. Ragowar kuɗin ya zuba a madubi mai kyau da harsashin koyon harbi. Amma kada a ruɗu da bindigar nan mai kwamfuta da ke bin dabba tana sakin kunama da kanta, Kolorado ta hana farauta da ita.

Abin da na fi so a gane shi ne, dokar Kolorado ba ta ce ga iyakar nisan da za ka harba ba, ƙarfin harsashi ma a yadi 100 kawai ta auna shi. Mai harbi a yadi 500 ya yi nisa da inda doka ta auna. A wannan nisan harsashin .308 ya rasa wajen rabin ƙarfinsa, ya sauka ƙasa fiye da mita ɗaya, iska matsakaiciya ta ture shi gefe kusan rabin mita, alhali wurin da ake so a samu a ƙirjin barewa bai wuce faɗin farantin cin abinci ba, kuma kafin harsashin ya isa dabbar na iya yin taku ɗaya. Na taɓa bin wasu muka yi yini muna bin ɗigon jini a kan dusar ƙanƙara, ɗigo nan ɗigo can, duhun jini irin na ciki, har magariba ta yi ba mu same ta ba, wanda ya yi harbin ko abinci bai iya ci ba a daren. Kuma bin sawun nan ba ganin dama ba ne, doka ce ta wajabta maka ka yi iya ƙoƙarinka ka nemo dabbar da ka raunata ka ƙarasa ta, in ta shiga filin wani kuma ba ka da ikon tsallaka shinge sai da izinin mai fili. In ka same ta dole ka gyara naman don ci, wanda ya yanke kai da ƙaho ya bar gangar jiki ya aikata babban laifi. Laifukan farauta maki ake tara wa mutum, in ya kai 20 cikin shekara 5 ana iya dakatar da lasisinsa, kuma akwai yarjejeniya tsakanin jihohi da ke sa dakatarwar ta bi shi har wasu jihohin.

Shi ɗan'uwan namu dai ya koma wurin dila ya bayar da .223 ɗin, ya yi ciko ya karɓi .308, ya sake cike fom ya sake jiran kwana 3. Yanzu duk Asabar yana filin koyon harbi, ya ce bana ba zai ɗaga bindiga a kan abin da ya wuce yadi 250 ba.