Me Ya Kai Masana Bincike a Kan Wasa?

Ashe wasa ba abin yara ba ne?

Wannan tunanin ne masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya ƙalubalanta a littafinsa Homo Ludens na 1938. A ganinsa wasa ya girmi al'ada, tunda dabbobi ba su jira ɗan Adam ya koya musu shi ba. Ya ce idan ka duba zaman kotu ko gasar mawaƙa za ka tarar da siffar wasa a ciki: fili ne da aka keɓe, da lokacin farawa da gamawa, da dokokin da kowa ya yarda da su.

Duk wasanni iri ɗaya ne?

A'a. A 1958 Roger Caillois na Faransa ya kasa su gida huɗu: na gasa, na sa'a, na kwaikwayo, da na neman jiri irin na lilo.

Ta yaya ake bambanta wasa da faɗa, alhali sau da yawa kamanninsu ɗaya?

A wurina wannan ce tambaya mafi muhimmanci. Masanin halayyar ɗan Adam Gregory Bateson ya tsaya a gidan namun daji na San Francisco yana kallon birai biyu suna kokawa, suna cizon juna, amma babu wanda ya ji rauni ko ya gudu. A maƙalarsa ta 1955 ya bayyana cewa dole akwai saƙon da ke wucewa tsakaninsu mai cewa "wannan wasa ne". Kare ma haka yake yi: yakan kwantar da ƙafafun gaba ya ɗaga bayansa kafin ya afka wa ɗan'uwansa. Mu mutane kuwa murmushi, ko sauya murya, ko ƙifta ido ke isar da saƙon.

Abin da ke burge ni shi ne, saƙon ba ya aiki sai ɗayan ya karɓa. Ke nan kowane wasa ƙaramar yarjejeniya ce. Tun a 1940 masanin al'umma Radcliffe-Brown ya yi rubutu kan dangantakar barkwanci, inda ake yarda wasu dangi su yi wa juna ba'a ba tare da fushi ba, kuma hakan na sassauta zaman da zai iya yin tsami.

Akwai hujja daga binciken ƙwaƙwalwa?

Akwai. Masanin ƙwaƙwalwa Jaak Panksepp ya gano cewa ɓeraye na fitar da wani siririn sauti, wanda kunnen mutum ba ya ji, lokacin da suke wasa ko aka yi musu cakulkuli. Wasu gwaje-gwajen sun nuna ɓeran da aka hana shi kokawa da tsararrakinsa yana ƙarami yakan sha wahalar mu'amala idan ya girma.

To wasa kullum alheri ne?

Masanin wasa Brian Sutton-Smith ya gargaɗi masana a 1997 kan yi wa wasa kallon abin da ke kawo ci gaba kawai, domin akwai wasa mai mugunta. Wannan gargaɗin yana damuna sosai. Yaron da aka taru ana yi wa dariya a makaranta bai shiga wata yarjejeniya da kowa ba, amma idan ya yi kuka sai a ce masa ai wasa ake yi.