Ga izinin aiki a hannu, me ya hana 'yan gudun hijirar Yukiren samun aikin da suka ƙware a kai?

Wai ba a ba su izinin aiki ba ne a Turai?

An ba su, da wuri ma kuwa. Rasha ta ƙaddamar da babban farmakinta kan Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022. Kwana 8 bayan nan, Tarayyar Turai ta ɗauko dokar kariya ta wucin gadi, wadda ke ajiye tun 2001 ba a taɓa aiki da ita ba. Wanda ya shiga ƙarƙashinta yana iya neman aiki, ya sa yara makaranta, ya je asibiti, ba sai ya jira hukunci kan neman mafaka ba. Sama da mutum miliyan 4 ke zaune a haka, Jamus da Poland ne suka fi ɗaukar su.

To ina gizo ke saƙar?

A wa'adi. Shekara-shekara ake tsawaita kariyar, daga Maris ɗin 2024 zuwa 2025, zuwa 2026, sannan 2027. Kuma dokar Tarayyar ba ta buɗe wa mai wannan kariya ƙofar zama na dindindin kai tsaye.

Ɗauki likita da ta baro birnin Kharkiv na Yukiren da 'ya'yanta, ta sauka a Jamus. Yawancin masu gudun hijirar mata ne da yara, tunda an hana akasarin maza masu shekarun aikin soja fita daga ƙasar. Kafin ta duba marar lafiya da cikakken lasisi, sai ta koyi Jamusanci sosai, ta ci jarrabawar yaren asibiti, hukumar jiha ta tantance takardunta. Wannan kan ci shekaru. Takardar zamanta kuwa ba ta kai wannan nisan ba. Idan ta kama aikin kula da tsofaffi ko shara a otal, wa zai ga laifinta? Yara na bukatar abinci yau. Abin da ke damuna shi ne, duk shekarar da ta yi nesa da asibiti hannunta na ƙara sanyi, alhali Jamus ɗin kanta kukan ƙarancin likitoci take.

Masu ɗaukar aiki fa?

Su ma lissafi suke yi. Koyon sana'a a kamfanin Jamus yakan ɗauki wajen shekara 3. Mai kamfani yana duba ranar da takarda za ta ƙare kafin ya zuba kuɗi a horar da mutum.

A Birtaniya an ga abin ƙarara. Bizar shekara 3 aka ba waɗanda suka shigo a 2022. Da aka buɗe ƙarin wata 18 a Fabrairun 2025, sharaɗin shi ne ba a nema sai saura kwana 28 tsohuwar ta ƙare. Mutum ya je neman aiki da bizar da ta rage wata 3, ba shi da wata shaidar da zai nuna cewa za a sabunta masa. Masu ba da hayar gida ma haka suka riƙa ɗari-ɗari.

Ai a Poland an ce da yawa suna aiki?

Haka ne, yaren ya yi kusa da nasu, kuma akwai 'yan uwansu da suka daɗe a can. Sai dai samun aiki daban, samun wanda ya dace daban. Malamai da akantoci da dama suna ma'ajiyar kaya da masana'antu.

Ba za su iya canza takarda ba?

Wasu na iyawa. Jamus ta yarda a koma izinin zama na ƙwararrun ma'aikata ko na karatu. Jamhuriyar Cek ta buɗe izinin dogon zama na musamman a 2025 ga masu riƙe da kansu. Amma duba sharuɗɗan: aiki mai tsoka, albashin da ya kai mizani, a Jamus kuma har da takardun da aka tantance. Wato sai ka riga ka samu aikin kirki za a ba ka takardar da ke sa a ɗauke ka aikin kirki. Uwar da ke aikin rabin yini saboda ba ta samu gurbin raino ba, albashinta ba ya kai wa mizanin, sai ta ci gaba da jiran sanarwar shekara mai zuwa.