Waiwaye: Yadda Antatika ta zama wurin shaƙatawar masu hannu da shuni

A kakar 2023 zuwa 2024, mutane fiye da 120,000 ne suka je yawon buɗe ido Antatika, nahiyar da ba ta da gari ko ɗaya, ba ta kuma da gwamnati. Tun da alƙaluman suka haura 100,000 a kakar da ta gabaci wannan, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu rajin kare muhalli na neman a ƙayyade yawan masu zuwa, kamfanoni kuma na cewa gani ya kori ji, duk wanda ya ga wurin da idonsa yakan dawo yana mai kishin kare shi. Idan aka nuna hotunan jiragen ruwa masu ɗauke da jirgi mai saukar ungulu da ƙaramin jirgin nutso, ko tantuna masu ɗumi a tsakiyar ƙanƙara inda mako guda kan ci kusan dala 100,000, sai mutum ya ɗauka bayan korona abin ya faro. Ruwa kuwa ba ya tsami banza, wannan harka ta daɗe tana tafe.

Farkon labarin sananne ne. A 1820 aka fara hango nahiyar. A Disambar 1911 Roald Amundsen na Norway ya isa tsakiyar ƙuryar kudu ta duniya, Robert Scott na Birtaniya ya isa bayansa da makonni, ya rasu a hanyar dawowa shi da mutanensa. A 1959 ƙasashe 12 suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Antatika, suka keɓe nahiyar domin zaman lafiya da binciken kimiyya. Afirka ta Kudu na cikinsu, kuma har yau ita kaɗai ce daga Afirka. Yarjejeniyar ba ta ce komai kan yawon buɗe ido ba, domin a lokacin ba wanda ya ɗauke shi abin damuwa. A 1966 wani ɗan kasuwar yawon buɗe ido, Lars-Eric Lindblad, ya kai matafiya nahiyar a jirgin sojan ruwan Ajantina, a 1969 kuma ya sa aka ƙera masa jirgi na musamman domin wannan aiki. A 1979 jirgin saman 'yan kallo da ya taso daga New Zealand ya yi karo da Dutsen Erebus da ke Antatika, mutum 257 suka mutu. Har ƙarshen shekarun 1980 masu zuwa ba su wuce 'yan dubbai a shekara ba, saboda jiragen da ke iya ratsa ƙanƙara ba su da yawa, ƙera sabo kuma sai mai dogon jari.

Shekarar da ta juya al'amarin ita ce 1991, kuma ba kasafai ake tsayawa a kanta ba.

Tarayyar Sobiyet ta fi kowace ƙasa jiragen ƙanƙara. Tana da manyan masu fasa ƙanƙara da ke aiki da makamashin nukiliya daga tashar Murmansk, irin su Arktika, wanda a 1977 ya zama jirgi na farko da ya isa tsakiyar ƙuryar arewa ta saman ruwa. Tana kuma da jiragen bincike da dama da aka ƙera mata a Finland, irin su Akademik Ioffe da Akademik Sergey Vavilov da Professor Molchanov. Da tarayyar ta wargaje, cibiyoyin kimiyyar da suka mallaki jiragen suka wayi gari ba kuɗin mai, ba albashin ma'aikata. Jiragen ga su sababbi, wasu ba su cika shekara biyar da shiga ruwa ba, ga ƙwararrun matuƙa da suka ƙare rayuwarsu cikin ƙanƙara, amma ba aikin yi. Sai aka shiga ba da su haya ga kamfanonin yawon buɗe ido na Turai da Amurka da Ostareliya, a kan farashin da ba wanda ya taɓa mafarkinsa. Tun 1990 ma mai fasa ƙanƙara Rossiya ya riga ya kai baƙi masu biyan kuɗi tsakiyar ƙuryar arewa. A kakar 1996 zuwa 1997 kuma Kapitan Khlebnikov ya zagaye Antatika gaba ɗaya ɗauke da 'yan yawon buɗe ido.

Waɗannan jirage ba na alfarma ba ne. Ɗakunan masu bincike aka mayar na fasinja: gado wani kan wani, ƙaramar taga zagayayya, a wasu ma bayan gida na haɗaka a ƙarshen lungu. Ƙananan na ɗaukar kimanin mutum 50, manyan kuma wajen 100. Amma sun yi abin da jirgin alfarma bai yi ba a lokacin, sun rage farashi har malamin makaranta ɗan fansho a Jamus ko Kanada ya iya tara 'yan dubban daloli ya tafi. Ƙaramin kamfani da bai mallaki ko kwale-kwale ba ya iya shiga harkar da hayar kaka guda. Garin Ushuaia da ke ƙarshen kudancin Ajantina ya zama tasha, daga nan kwana biyu ne a kan mugun tekun Drake sai ga gaɓar Antatika. A kakar 1992 zuwa 1993 masu zuwa kusan 6,700 ne. Zuwa kakar 2007 zuwa 2008 sun kai wajen 46,000.

A cikin wannan shekara ta 1991, a watan Oktoba, aka sa hannu kan yarjejeniyar kare muhallin Antatika a Madrid. Hankalin duniya a lokacin yana kan haƙar ma'adinai, kuma an haramta shi, abin a yaba. Yawon buɗe ido kuwa an bar shi a ƙarƙashin ƙa'idar da ta shafi kowane aiki: duk wanda zai je ya miƙa wa ƙasarsa bayanin illar da tafiyarsa za ta iya yi wa muhalli. An kawo shawarar a yi masa babi na kansa a 1992, ba a cimma matsaya ba, domin a tsarin yarjejeniyar ba a zartar da komai sai duk ƙasashen da ke da ƙuri'a sun amince. A ganina nan gizo ke saƙar. Kowace tafiya ana auna ta ita kaɗai, kuma ita kaɗai ɗin illarta kaɗan ce. Babu inda aka tanadi mai haɗa lissafin ɗaruruwan tafiye-tafiye da ke sauka a wuri guda. Kasuwa ce ta fara ci kafin a naɗa sarkin kasuwa.

Kamfanonin yawon buɗe ido bakwai sun kafa ƙungiyarsu, IAATO, a 1991, suka shimfiɗa wa kansu dokoki da har yau ake bi. Mutum 100 kawai ke sauka gaɓa a lokaci guda, kowane mutum 20 da jagora ɗaya, jirgin da ya ɗauki fiye da 500 kuma ba ya sauke kowa. Kafin a shiga kwale-kwalen roba sai an goge takalma da burushi an tsoma su cikin ruwan magani, a zuƙe aljihu da bakin jaka da injin shara don kada ƙwayar ciyawa ko iri ta biyo baƙo. Ba a matsar tsuntsun fenguwin fiye da tazarar mita biyar. Dokoki ne masu kyau, sai dai sun tsara yadda za a sauka ne, ba su taɓa maganar mutum nawa nahiyar za ta ɗauka a shekara ba, kuma ba hurumin ƙungiyar 'yan kasuwa ba ne ta yanke wannan. Ga shi ƙasar da ƙanƙara ba ta rufe ba ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nahiyar ba, kuma a 'yan tsibiran nan da bakin gaɓa tsuntsaye ke ƙyanƙyasa daga Nuwamba zuwa Maris, daidai lokacin da jirage ke zuwa.

Alfarmar da ake cece-kuce a kanta yau daga baya ta biyo wannan hanya. A Nuwamban 2007 tsohon jirgin nan da aka ƙera wa Lindblad a 1969 ya bugi ƙanƙara ya nitse, Allah ya kiyaye aka ceto duk mutum 154 da ke ciki. A 2011 aka hana amfani da baƙin mai mai kauri a tekun Antatika, abin da ya kori wasu manyan jirage, ya haɗu da matsin tattalin arzikin duniya, masu zuwa suka ragu zuwa kusan 26,000. A 2017 sabuwar dokar jiragen ƙanƙara ta duniya ta fara aiki, tsofaffin jiragen Sobiyet suka shiga barin fage. Amma sun riga sun nuna cewa akwai masu saye, don haka masu jari suka zuba kuɗi a ƙera sababbi. Jirgin da aka kashe wa maƙudan miliyoyin daloli, kuma dokar mutum 100 ta sa bai kamata ya cika girma ba, ta ina zai mayar da kuɗinsa? Sai ta tsadar kowane ɗaki. Daga nan aka samu ɗakuna masu baranda, da wurin wanka mai ɗumi, da masu dafa abinci na musamman. A 2021 wani jirgin alfarma na Faransa ya kai tsakiyar ƙuryar arewa, a shekarar kuma babban jirgin sama ƙirar Airbus A340 ya taso daga Cape Town ya sauka a kan ƙanƙarar Antatika.

Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa baƙin hayaƙin da ke sauka kan dusar ƙanƙara a yankunan da aka fi ziyarta na sa ta narke da sama da tan 80 a kan kowane baƙo guda. Sai a taron Helsinki na 2023 ƙasashen suka amince su fara tattauna cikakken tsarin da zai kula da yawon buɗe ido, shekara 32 bayan Madrid. Tattaunawar na ci gaba, jiragen da aka ƙera a 'yan shekarun nan kuma an yi su ne don su shekara 20 zuwa 30 suna aiki.